Shin foyil a cikin firiza yana rage kuɗin wuta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan ganin bidiyo a Facebook da TikTok ana cewa idan mutum ya shimfiɗa foyil, wato takardar alminiyam ɗin nan ta naɗe abinci, a bangon firiza, ko ya dunƙule shi ya jefa ciki, firizar za ta rage shan wuta, ƙanƙara kuma ta daina taruwa. Da gaske ne? Ni dai kuɗin wuta ya ishe ni, ga nama in ya daɗe a ciki sai in tarar ya bushe ya yi fari-fari.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Foyil ba zai rage miki ko yunit ɗaya a mita ba, ko kin shimfiɗa shi, ko kin dunƙule, ko kin rataye. Amma yana iya rage miki asara sosai ta ɓangaren naman nan da kika ambata a ƙarshe, kuma a ganina can ne kuɗinki ke zurarewa ba ki lura ba. Bari mu fara da wutar.

Firiza ba ta ƙera sanyi, zafi take kwasowa daga ciki ta zubar a waje. Gas ɗin da ke zagayawa cikin bututunta yana tsotse zafin da ke ciki, kwamfuresa, wato injin firizar, ta matse shi, ya je bayan firizar ko gefenta ya saki zafin, ya sake dawowa. Shi ya sa in kin taɓa jikinta kike jin ɗumi. Kamar mai kwashe ruwa ne daga kwalekwalen da ke yoyo: wahalarsa gwargwadon ruwan da ke shigowa. Duk dabarar da ba ta rage zafin da ke shiga ba, ba ta kuma sauƙaƙa wa injin fitar da shi ba, to ba ruwanta da kuɗin wuta. Zafin kuwa hanyoyin shigarsa sanannu ne. Mafi yawansa ta bango da murfi yake ratsowa dare da rana, ko an buɗe ko ba a buɗe ba. Sauran yana shiga ta robar bakin ƙofa, da iskar da ke faɗawa ciki duk lokacin da aka buɗe, da kayan da aka zuba da ɗuminsu.

To a cikin waɗannan wacce foyil ke tarewa? Abin da ke tare zafi a bangon firiza wani soso ne mai tauri da aka cusa tsakanin ƙarfen waje da rufin ciki, kaurinsa santimita da dama. Foyil na gida kuwa kaurinsa kusan milimita 0.016 ne, mai kaurin ma bai wuce 0.024 ba. Ba ma sirantar ce matsalar ba. Alminiyam yana cikin ƙarafan da zafi ya fi ratsawa da sauri, shi ya sa ake tukunya da shi. A ma'aunin da injiniyoyi ke auna wannan, alminiyam yana kan 237, soson bangon firiza kuwa wajen 0.025, wato ratar ta kusa ninki 10,000. Wanda ya ƙara foyil a kan wannan soso don tare zafi bai ƙara komai ba.

Masu bidiyon suna da wata hujja mai kama hankali, cewa foyil yana mayar da zafi kamar yadda madubi ke mayar da haske. Wannan gaskiya ne, kuma don haka ake sa shi ƙarƙashin rufin gini, ake kuma shafe cikin fulas da abu mai ƙyalli. Sai dai aikin yana da sharaɗi biyu: a sami abu mai zafi da ke fuskantar abu mai sanyi, a kuma sami sarari tsakaninsu. Rufin da rana ke duka ya cika sharaɗin. Cikin firiza kuwa bango da nama da kifi duk sanyinsu kusan ɗaya ne, ba wani zafin kirki da ake jifan juna da shi balle a mayar. Foyil ɗin da aka manna a bango kuma babu sarari a bayansa, zafi ya ratsa shi kai tsaye. Ko da ya yi wani tasiri, sai ya zama kishiyar abin da ake nema, domin a firizar kwance bangon nan shi ne ke tsotsar zafin kayan, ke kuma kin sa masa shamaki.

Zancen dunƙule foyil a jefa ciki wai ya riƙe sanyi, lissafi kaɗan ya isa. Foyil mai faɗin santimita 30 da tsawon mita ɗaya nauyinsa bai wuce giram 13 ba. Kafin ya tashi daga digiri 18 ƙasa da sifili ya kai sifili, zafin da zai sha kusan jul 200 ne, jul kuwa ma'aunin yawan zafi ne. Lita ɗaya ta ruwa da ta daskare kuwa, kafin ta yi wannan tafiyar ta kuma narke gaba ɗaya, sai ta sha jul kusan 370,000. Mutum yana taɓa foyil ya ji ya fi komai sanyi a firizar, sai ya ɗauka sanyin ya tara. Ba haka ba ne, saurin janye zafin yatsa ne kawai. Fito da shi ki ajiye minti ɗaya, ki sake taɓawa.

Idan riƙe sanyi kike so, cika robobin ruwa ki jera a inda ba kaya, ki bar ɗan sarari a wuyan kowace don ruwa yana kumbura in ya daskare. Gaskiya ribar wannan a mita ƙarama ce, ba kamar yadda ake kururutawa ba. Amfaninsa na gaske ranar da aka ɗauke wuta ne. Ma'aikatar Noma ta Amurka tana ba da ƙiyasin cewa cikakkiyar firiza da ba a buɗe ba tana riƙe sanyinta kusan awa 48, wadda ke rabi kuwa awa 24.

Akwai ma inda foyil ɗin ke jawo ƙarin shan wuta. Firizar tsaye irin wadda ba ta tara ƙanƙara da fanka take aiki, tana hura iska mai sanyi ta wasu ƙananan ramuka a bangon baya. A rufe ramukan da foyil, ko a lulluɓe kantocin waya da iska ke bi ta cikinsu, sai sama ta yi sanyi ƙasa ta ƙi, injin ya yi ta kaɗawa ba hutu. Mafi muni shi ne lulluɓe firizar ta waje. Yawancin firizojin kwance na yanzu a cikin bangon waje aka binne bututun da ke sakin zafi, don haka duk abin da aka naɗa musu, foyil ne ko bargo, zafin aka tsare. Idan rana na dukan firizarki, matsar da ita inuwa ko ki sa labule a taga.

Ƙanƙarar bango kuma ba daga bangon take fitowa ba. Danshin iskar da ta shiga ne, da na abincin da ba a rufe ba, ke sauka a wurin da ya fi sanyi ya daskare. Foyil bai hana danshin shiga ba, sai dai ƙanƙarar ta taru a kansa, wata ta taru a bayansa, ranar ɓamɓarewa ya yi ta yagewa gutsi-gutsi. Wata dabarar da ake yaɗawa ita ce a shimfiɗa foyil a bango, a sa tukunyar ruwan zafi a ciki, a rufe. Ƙanƙarar tana narkewa kuwa, amma aikin tururi ne. Yi ba foyil ki gani, domin tururin ya fi isa ga ƙanƙarar in ba abin da ya shiga tsakani. Ga ma'auni mai sauƙin riƙewa: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, kafin ta huce, tana narkar da ƙanƙara kusan kilo ɗaya. Ki cire fulogi tukuna, ki ɗora tukunyar a kan tsumma mai kauri kada ta lalata rufin ciki, ki canza ruwan in ya huce. Kuma don Allah ban da wuƙa. Bututun gas yana nan dab da fatar bangon, sau ɗaya tsinin ya shige za ki ji “fsss”, shi ke nan. Gas ɗin da ke cikin yawancin firizojin gida na yanzu, R600a, yana kama wuta. Cokalin katako ko na roba ya isa, bayan ƙanƙarar ta saki da kanta.

Yanzu ga naman.

Farin nan da kike gani, wani lokaci toka-toka, wurin ya yi tauri kamar fata, ƙunar sanyi ce. Iskar cikin firiza busasshiya ce ƙwarai. Ƙanƙarar da ke saman naman tana tashi ta zama tururi kai tsaye ba tare da ta narke ba, ta je ta manne a bango ko a cikin ledar. Wurin da ruwan ya bari sai ya zama ƙananan ramuka, iska ta shige su, kitsen ya fara canza wari, launi ya kwanta. Garin ƙanƙarar nan da kike tararwa a cikin leda, ruwan namanki ne, da kuɗi kika saye shi. Naman bai zama guba ba, ana iya yanke wurin a dafa sauran. Amma abin da aka yanke ya tafi, sauran ma ɗanɗanonsa ya ragu, sau da yawa kuma mutum in ya ga kamanninsa duka yake zubarwa. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa a duniya yana salwanta, wajen tan biliyan 1.3 a shekara. Wani ɓangare na wannan a irin waɗannan ledoji yake ƙarewa.

A nan foyil ya yi zarra. Ƙarfe ne, tururi da iska da haske da wari ba sa ratsa shi yadda suke ratsa siririyar leda a hankali. Tun farko ma don wannan aka yi shi: a Suwizalan aka fara murza shi a 1910, a garin Kreuzlingen, shekara guda bayan nan kamfanin Tobler ya fara naɗe cakulan da shi. Fifikonsa na biyu, inda aka lanƙwasa shi nan yake tsayawa. Yana bin jikin cinyar kaza lungu-lungu, ba ya barin aljihun iska, alhali ƙunar sanyi a aljihun iska take farawa.

Sai dai naɗin ne komai. Foyil ɗin da aka yafa sama-sama bai fi babu ba. Ki raba naman gwargwadon girki ɗaya-ɗaya, ki tsane ruwan jikinsa. Ki yanko foyil da zai zagaye shi har ya yi rara, ki ajiye naman a tsakiya, ki ɗago gefe biyu su haɗu a sama, ki ninke bakinsu tare, ki sake ninkewa, kina sauka har ninkin ya kwanta a jikin naman. Sai ki bi da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe kina korar iska, ki ninke bakunan biyu da suka rage. In kin gama ya kamata ki ga siffar naman a jikin foyil ɗin. Inda ƙashi ya yi tsini, ki ɗora ɗan ninkakken foyil a wurin kafin babban naɗin. Ko wane gefe kika sa a ciki, mai ƙyalli ko mara ƙyalli, duk ɗaya ne. Bambancin daga masana'anta yake: a murzar ƙarshe falle biyu ake haɗawa, gefen da ya taɓa ƙarfen injin ya yi ƙyalli, wanda ya taɓa ɗan'uwansa ya dushe.

Rauninsa shi ne yagewa. Foyil da bai kai milimita 0.025 ba yakan zo da ƙananan huji da ido ba ya gani, ga shi da an jujjuya kaya a firiza sai wani daskararren abu ya farke shi. Shi ya sa ni ba na ba da shawarar foyil shi kaɗai ga abin da zai wuce 'yan makonni. Ki sayi mai kauri, ki kuma yi naɗi biyu: ko leda mai mannewa a ciki foyil a waje, ko foyil a ciki sannan a zura a ledar firiza mai kauri a matse iskarta. Na farkon ya fi dacewa da kifi da duk abin da aka sa wa gishiri, na biyun ya fi jure wurgi da tono.

Dalilin ware mai gishiri shi ne gishiri da tsami suna cin alminiyam. Tumatir, lemon tsami, binega, naman da aka jiƙa a kayan haɗi, duk kada su taɓa foyil kai tsaye na tsawon lokaci. Abin ya fi tsanani in an zuba irin wannan abinci a kwanon ƙarfe aka rufe da foyil yana taɓa abincin. Ƙarfe iri biyu da ruwan gishiri a tsakani ƙaramin batir ne, sai ki ɗaga ki ga foyil ɗin ya huhhuje, da ɗigo-ɗigo masu launin toka a saman abincin. Sanyi yana rage saurin wannan sosai, amma kafin abincin ya daskare da lokacin narkewa yana samun dama. Irin waɗannan a mazubin roba mai murfi ya kamata su shiga. Game da lafiya kuwa, hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta sa iyaka a 2008, miligiram 1 na alminiyam ga kowane kilo na nauyin mutum a mako. Abin da ke sa alminiyam shiga abinci da yawa shi ne zafi haɗe da tsami ko gishiri. Ɗanyen nama da aka naɗe a sanyi ba shi ne abin damuwa ba. Ki dai tuna ki cire foyil ɗin kafin abu ya shiga maikurowef.

Wani aibin foyil, ba a ganin abin da ke ciki. Ƙulli goma masu ƙyalli duk kamarsu ɗaya, kuma abin da ba a gane ba shi ke kwana a ƙasan firiza har a manta da shi. Ki rubuta suna da kwanan wata a jiki da alƙalamin da ba ya gogewa tun kafin ya shiga, domin in ya yi raɓa tawada ba ta kamawa. A digiri 18 ƙasa da sifili ƙwayoyin cuta ba sa hayayyafa, amma daɗin abinci yana da wa'adi ko da naɗin ya yi kyau: manyan yankan jan nama wata 4 zuwa 12, niƙaƙƙen nama wata 3 zuwa 4, kaza sukutum shekara guda, yankakkiya wata 9, kifi mai kitse wata 2 zuwa 3. Wannan idan sanyin bai yanke ba ke nan. Firizar da ke narkewa tana sake daskarewa wa'adinta ya gaza haka nesa.

Kada kuma a manta shi kansa foyil ɗin sayensa ake yi. Abin da za a ci cikin sati ɗaya ko biyu bai cancanci foyil ba, leda mai kauri da aka matse ta isa, mazubi mai murfi ma ya fi, tunda shekaru zai yi ana wanke shi. Ki ajiye foyil don abu mai tsada da zai daɗe. Wanda ya naɗe burodi, ko wanda ya zauna a waje bisa leda bai taɓa ɗanyen nama ba, a goge a miƙe a sake amfani da shi. Wanda ya taɓa ɗanyen nama ko kaza kuwa ya gama aiki.

Akwai wuri guda da saurin ratsa zafin alminiyam yake da amfani a firiza, kuma ina jin daga nan jita-jitar ta samo tushe. Abinci in ya daskare a hankali, ƙanƙarar da ke fitowa a cikin tsokarsa manya ce, tana farfasa naman, in ya narke ruwansa ya tsiyaye a faranti. In ya daskare da sauri ƙanƙarar ƙanana ce, naman ya dawo kusan yadda yake. Clarence Birdseye, Ba'amurken da ya kafa sana'ar daskararren abinci a shekarun 1920, a yankin Labrador, da ke ƙasar Kanada a yau, ya lura da wannan, inda kifi ke daskarewa nan take a tsananin sanyi, injinsa kuma matse abinci yake tsakanin ƙarafa masu sanyi. A gida, tiren alminiyam mai kauri yana yin ɗan kwatankwacin haka. Ki bar shi ya yi sanyi a firiza, ki baje ƙullin naman a kai falle ɗaya, kowanne a shimfiɗe ba a dunƙule ba, in sun yi tauri ki tattara. Tire nake nufi, don foyil ya yi sirantar da ba zai ja zafi zuwa gefe ba. Wannan ma inganci yake ƙarawa. Zafin da injin zai fitar daga kilo ɗaya na nama bai canza ba, ko da sauri ya fita ko a hankali.

Rage shan wutar kuwa ba ya bukatar sayen komai. Kada ki bari ƙanƙarar bango ta wuce kaurin milimita 6, domin tana shiga tsakanin bututun da kayan, injin ya daɗe yana aiki kafin sanyi ya kai. Kada ki murɗa sanyin ya wuce 18 ƙasa da sifili, ƙarin ba ya tsinana wa abincin gida komai sai cin wuta. Abinci mai zafi ya sha iska tukuna, amma kada ya wuce awa 2 a waje, raba shi a ƙananan mazubai ya fi saurin hucewa. Ki ba firizar tazara daga bango, ki nisanta ta da murhu, in tana da ragar baƙin bututu a baya ki share mata ƙura.

Abin da na fi so ki fara dubawa shi ne robar ƙofa, don ita ce aka fi mantawa, kuma ita ke haɗa matsalolinki biyu: tana shigo da zafi, tana shigo da danshin da ke zama ƙanƙara. Ki sa falle ɗaya na takarda a bakin ƙofar ki rufe a kansa, ki ja. In kin ji ya riƙe, wurin lafiya. In ya zare salin-alin, nan iska ke shiga. Ki bi duk zagayen, musamman kusurwoyi da gefen ƙasa. Wata alamar ita ce ƙanƙara ta fi taruwa a gefe ɗaya kusa da bakin. Sau da yawa datti ne ko maiƙo ya hana ta kamawa, ruwan ɗumi da sabulu sun wadatar. Wadda ta lanƙwashe takan miƙe in an gasa ta da tsumma mai ɗumi aka rufe ƙofar ta kwana. Wadda ta tsage ko ta yi tauri sai canji. In kin yi duk wannan amma injin bai daina kaɗawa ba tsayawa, ko kina jin ya tashi ya mutu cikin 'yan daƙiƙu, ki kira mai gyara ya duba na'urar daidaita sanyi da gas ɗin.